Ba Nono Ba Ne

Na daɗe a aikin duwan, wato kwastan, na ga jiya na ga yau, amma ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya tsaya yana roƙo a ƙara masa kuɗin fito ba sai Aghali. Sauran duk hanya ɗaya suke bi. Wanda ya ɗauko atamfa ya ce tsumma ne, wanda ya ɗauko sabon firigo ya rantse kakarsa ce ta bar masa gado. Ni kuwa Adawiyya, ba banza ƴan kamiyo, direbobin manyan motoci, suka sa mini suna Madam Buɗe-Mu-Gani ba. Ba na faɗa da kowa, amma ba na sa hannu a kan kwalin da ban ga cikinsa ba.

Wurin aikinmu yana bakin garin Tanut, ta wajen arewa: biro, wato ofis, mai ɗaki biyu, magazar ajiye kaya mai rufin kwano, rumfar da direbobi ke jira, da sandar ƙarfe da ke tare hanya. Kayan da ke gangarowa daga Aljeriya an riga an yi musu takardu can sama, namu shi ne mu duba ko abin da ke cikin mota shi ne abin da ke cikin takarda. Shugabanmu Ajidan Nafi'u ne, dattijo mai son zaman lafiya, wanda ritayarsa ta kusa, ba abin da yake ƙi kamar a ce masa ya sa hannu a kan sabon abu.

Aghali mutumin Tenhiya ne, dogo, mai shuɗin rawani, ba ya da yawan magana. Tsohuwar Toyota gare shi, yana kawo dabino da taliya da tumatirin gwangwani da ganyen shayi daga Tamanrasat. Takardunsa kullum daidai suke, har na kan ji haushin rashin abin da zan ce masa. Ranar da nake ba ku labari tsakiyar bazara ce, ana zafin da ko awaki sun daina yawo sun lafe a gindin bango. Na ɗaga buhunan dabino, sai ga wasu kwalaye a ƙasa an lulluɓe su da bargo. Na buɗe ɗaya. Ƴan ƙananan kofuna ne na roba, an liƙe bakinsu da farar takarda mai ƙyalli, a jiki an zana wani abu rawaya da cokali a tsaye a cikinsa. Irin kayan zaƙin nan ne da ake lasa bayan an ci abinci, wanda ba ya son dafuwa, ba ya son firigo, buɗewa kawai ake yi.

Sai na koma takarda. Mai cika takardun can sama ya ga hoton saniya a jikin kwali, bai wahalar da kansa ba, ya rubuta su a babin nono.

Bari in gaya muku yadda aikinmu yake. Muna da wani littafi mai kauri, littafin tarifu. Duk abin da Allah ya halitta da wanda ɗan Adam ya ƙera, daga raƙumi har allura, yana da ɗakinsa a ciki, kuma ɗakin da aka sa kaya shi ke faɗin abin da za a biya da takardun da za a nema. Nono yana babi na huɗu, tare da man shanu da cuku da ƙwai da zuma. Wanda ya haɗa su ɗaki ɗaya, Allah kaɗai ya san abin da ya karya kumallo da shi ranar. Abin da aka haɗa kuwa da gari ko aka dafa da shi, yana can babi na goma sha tara, wajen su taliya da biskit.

Na ce, "Malam Aghali, in nono ne, ina takardar likitan elbaj, mai duba dabbobi?"

Ya ce ba wanda ya ba shi, ba kuma wanda ya tambaye shi a hanya.

Ajidan ya leƙo daga biro da kofin shayinsa. Ya ce ai maganar ba ta da wuya, abin da ya fito daga jikin dabba ba ya wucewa sai likitan dabbobi ya gani. Likitan kuwa yana Gangara wajen allurar shanu, ba a sa ran shi sai wani mako. A sauke kwalayen a sa a magaza, sauran kaya su wuce.

Aghali ya dubi magazar. Da rana tsaka in ka shiga cikinta, hular kanka ma sai ta yi gumi. Ya juyo wurina ya ce, "Madam, ba wani ɗaki a littafin naku?"

Na ce, "Akwai, amma ya fi tsada."

"Ki sa shi can."

"Ka ji ni kuwa? Na ce ya fi tsada."

"Na ji. Don Allah ki sa shi can."

To, ruwa ba ya tsami banza. Nan take zuciyata ta ba ni akwai abin da aka ɓoye. Na sa aka sauke kwalayen duka, na farke su ɗaya bayan ɗaya, na laluba ƙarƙashi, na girgiza kofunan a kunnena. Ba komai sai kofuna. Shi kuwa yana tsaye a rana, yana bin hannuna da ido duk lokacin da na ajiye kofi da ƙarfi.

Na ce, "Ƴan kwalayen nan ba su isa ciniki ba. Wa za ka sayar wa?"

Sai ya ja rawaninsa sama har ya rufe hanci, yadda mutanensu ke yi in za su faɗi abin da ke da nauyi. Ya ce ba na sayarwa ba ne, na tsohuwarsa ne.

Da ƙyar na tatsi labarin daga bakinsa. Sunanta Kaltuma. Da sanyin da ya wuce ta faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinta ɗaya ya mutu, maƙogwaro ma ya taɓu. Ruwa yana shaƙe ta, fura tana shaƙe ta, tuwo kuwa ba a ma maganarsa. Daga gidan likita aka kawo ta gidan ƙanwarsa Asiya, nan cikin Tanut. Tun tana yarinya da nono ta tashi, yanzu kuma ta ce ba abin da zai shiga bakinta sai shi. Ga shanu sun ƙafe, an yi kudu da su neman ciyawa. Madarar gari an dama mata, ta ce ba ta shan farar ƙasa, ɗan abin da ta kurɓa ma tari ya dawo da shi. A Tamanrasat, gidan mai masaukinsa, ya ga wani tsoho mai irin wannan ciwo ana ba shi abin cikin kofin nan, yana wucewa sumul ba tari, don ba ruwa-ruwa ne ba, ba kuma mai tauri ba. Shi ya sa ya saye, ya taho bai tsaya ko'ina ba.

Ya ce, "Asiya ta kira ni jiya. Ta ce in zan zo in zo."

Na ce, "In ba ta shan komai sai nono, wannan za ta sha?"

"In na ce mata nonon arewa ne, za ta sha."

Tausayinsa ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma tausayi ba ya cikin littafin tarifu, kuma ban taɓa karkata babi don hawayen kowa ba. Na ɗauki kofi ɗaya na shiga biro na karanta abin da aka haɗa shi da shi: madara, sukari, garin masara, da wani abin ƙamshi. Na buɗe littafi, na bi da yatsa, na sake bi. Sannan na ɓare murfin kofin, na kife shi a gaban Ajidan. Abin bai zubo ba, yana nan maƙale yana rawa.

Na ce, "Shef, ka taɓa ganin nonon da aka kife bai zuba ba?"

Ya ce, "Madara ce a farkon jeri, ga saniya a jikin kwali."

"Akwai zaki a jikin kwalin ashana, amma ba mu taɓa kiran mutanen gandun daji ba. Shef, in Hajiyarka ta dama maka kunu da madara, me ka sha, kunu ko madara?"

Ya ce, "Kunu."

"To wannan ma an dafa shi da gari har ya tsaya da ƙafarsa. Ya tashi daga babi na huɗu, ya koma na goma sha tara. Ga shi nan a rubuce, ba ni na ce ba."

Ya sa tabarau ya karanta. Ya karɓi kofin ya ɗanɗana da cokalin shayi, ya sake ɗanɗanawa don ya tabbatar, bai gama tabbatarwa ba sai da ya ga gindin kofi. Ya yarda da ni, na ga alama, amma gyara abin da wani biro ya rubuta sai da sa hannunsa, shi kuwa hannun nan nauyi gare shi. Ya fito ƙofa ya ce, "Kai mai kaya, kai me ka ce? Nono ne ko ba nono ba ne?"

Aghali ya ga hanya ta fara buɗewa, sai ya yi gaggawa. Ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Wallahi tallahi ba nono ba ne!"

Ba wanda ya ce ya rantse. Ajidan ya ce to shi ke nan, ya sa hannu, na gyara takarda, Aghali ya biya abin da ya ƙaru ba ko ciniki. Aka mayar da kwalaye, ya lulluɓe su da bargonsu, muka ɗaga masa sanda.

Motar ta wuce sanda kaɗan ta tsaya. Na ɗauka ta lalace ne. Na sallami wata kamiyon albasa, na yi sallar la'asar, na fito, tana nan inda take. Can sai ga shi ya dawo a ƙasa, yana tafiya a hankali, ya tsaya nesa da rumfa har sai da na je.

Ya ce, "Madam, na rantse."

Na ce, "Na ji ka, kowa ma ya ji ka. Kuma gaskiya ka faɗa."

"Shi ne ai. Yanzu da wane baki zan ce wa Anna nono ne? Na kira sunan Allah a kai."

Anna shi ne yadda suke kiran uwa. Na tsaya ina kallon ƙaton mutum, wanda ya ratso hamada shi kaɗai da tsohuwar mota, ya rasa yadda zai shiga gidan ƙanwarsa da kofin roba. An sayar da kare an sayi biri ke nan. Ya ce Asiya ba ta iya ƙarya ba, da ta buɗe baki tsohuwa za ta gane. Amma in baƙuwa ce mai kaki ta faɗa, wadda aikinta ke nan sanin kaya, wataƙila ta yarda.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Da hannuna na rubuta ba nono ba ne, ka gani da idonka."

Ya ce, "Amma ke ba ki rantse ba."

Na so in yi masa tatas. Wato ni ce ba ni da Allah ke nan, ni za a ara a yi ƙarya da bakina? Amma da na dubi idanunsa sai na fasa faɗan. Na ce ba zan yi alkawarin komai ba, zan dai je in gaishe ta. A cikin mota na shirya abin da zan ce: akwai nono a ciki. Gaskiya ce, in dai ba a tambaye ni sauran ba.

Gidan Asiya yana bayan kasuwa, tsaf da shi, an share tsakar gida har ana ganin sawun tsintsiya. Tsohuwa ta ƙi kwana a ɗakin siminti, don haka aka kafa mata ƴar bukkar tabarmi a kusurwa. Muna shiga Asiya ta kora yara waje. Ta raɗa mini cewa haka aka ce su yi a likita, a ba ta a natse ba hayaniya, kuma bakin yana zubar da abinci, ba ta so jikoki su gani. An ware mata kofinta da cokalinta a kan wani faranti, an rufe da ƙyalle.

Kaltuma ƴar ƙaramar tsohuwa ce, ciwo ya ƙara tsotse ta, shuɗin baba ya rine mata goshi da hannuwa. Rabin fuskarta ya zube, amma idon da ke ɗaya ɓarin yana nan da kaifinsa. Na durƙusa a bakin bukka na gaishe ta, ita kuwa ɗanta take kallo. Ya tsuguna ya kama hannunta, suka yi gaisuwarsu da harshensu na Tamajak, doguwa, a hankali. Asiya ta ɓare kofi ɗaya, ta ɗebo a cokali, ta ce da Hausa don in ji, "Anna, ga abin da Aghali ya kawo miki daga arewa."

Tsohuwa ta dubi cokalin. Ta shinshina. Ta ce, "Nono ne?"

Asiya ta sunkuyar da kai. Aghali ya ja rawani har ya kusa rufe idanu. Sai idon nan ɗaya ya juyo kaina.

Na buɗe baki da maganar da na shirya. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji kaina ina cewa, "Inna, ba nono ba ne. Akwai madara a ciki, amma an dafa ta da gari da sukari."

Aghali ya saki hannunta ya miƙe, ya juya mana baya. Asiya ta ajiye cokali. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, Adawiyya, gaskiyarki ta kashe tsohuwar mutane. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Tsohuwa ba ta ɗauke ido daga kaina ba. Ta ce, da Hausarta ta kasuwa, maganar tana fita ta gefen baki, "Wace ce wannan mai kayan soja?"

Asiya ta ce, "Baƙuwa ce, Anna. Daga duwan take."

"Baƙuwa?"

"I."

"Wurina ta zo?"

"Wurinki ta zo, ta gaishe ki."

"Me kuka ba ta?"

Gaskiya ko ruwa ba a kawo mini ba, hankalin kowa yana kan cokali, ni ma ban lura ba.

Ban taɓa zaton akwai sauran murya irin wannan a cikin ƙirjin nan ba. Ta yunƙura da hannunta mai lafiya, ta dinga zuba Tamajak, tana yi tana haki, Asiya tana hawaye tana tallafe da ita. Daga baya ne Asiya ta fassara mini. Cewa ta yi tun ranar da aka kafa mata bukkar aure, baƙo bai taɓa zama a ƙofarta bakinsa a bushe ba, ko a shekarar da dabbobi suka ƙare. Yanzu sun kawo ta birni sun ajiye a kusurwa, sun ware mata kofi kamar mai kuturta, suna korar jikokinta in za ta ci, suna ɗura mata abu a cokali kamar magani. Ga baƙuwa ta zo har ƙofarta an bar ta tana haɗiyar yawu. In sun riga sun binne ta ne, su gaya mata.

Ta ce a kawo akushinta. Yana rataye a jikin sandar bukka cikin ragarsa, baƙi, ya sha hannu har yana ƙyalli, tun da aka zo da shi daga Tenhiya ba a sauke shi ba. Aka sauke, aka ɗauraye, aka kawo ludayin itace. Sai dai ba abin da za a zuba, don ba ɗigon nono a gidan. Aghali ya fita, ya dawo da kwali a kafaɗa. Ya tsuguna yana ɓare kofunan ɗaya bayan ɗaya yana kwarfewa a akushi har ya kai rabi.

Tsohuwa ta tura akushin gabana da bayan hannu. Ta ce, "Ki yi haƙuri, ɗiyata. Ba nono ba ne. Shanu sun yi kudu."

Kunya ce a muryarta, ta gaske. Na ɗauki ludayi na ɗebo, na kai kusa da baki, sai na mayar na ajiye.

Na ce, "Inna, ni tun da aka kawo ni garin nan ni kaɗai nake cin abinci a ɗakina, ni da bango. Na gaji. In ba ki sa hannu ba, ni ma na ƙoshi."

Wannan ma ba ƙarya na yi ba. Mutanena duk suna Damagaram, kuma ba abin da na tsana a Tanut kamar lokacin cin abinci.

Ta daɗe tana kallona. Baƙuwa ta tashi daga ƙofarta ba ta ci ba, wannan ba zai yiwu ba, ta sani, ta kuma san na sani. Gefen bakinta mai rai ya ɗan motsa. Ta ce wa ɗanta, "Wannan ta fi ka iya ciniki." Sannan ta miƙo hannu.

Asiya ta zabura za ta riƙe mata, tsohuwa ta ture ta. Da kanta ta ɗebo, kaɗan, ta kai baki. Rabi ya bi haɓa ya sauka a zane, ba wanda ya kula. Muka zuba wa maƙogwaronta ido, mu uku, ba mai numfashi. Ya motsa. Muka jira tari, bai zo ba.

Ta ce, "Ba nono ba ne," ta miƙo mini ludayi.

Na sha, na mayar mata. Ta sha, ta sake cewa ba nono ba ne. Ta ce a kira yara, suka shigo suka kewaye akushi, aka ƙaro ludaya. Aghali ya fita waje ya daɗe, da ya dawo ya ce wai ya je duba tayar mota ne. Da zan tafi tsohuwa ta ce gobe in zo da wuri, ba ta son baƙo mai sa a jira shi.

Haka na zama baƙuwar Kaltuma. Kullum in na tashi daga aiki sai in bi ta bayan kasuwa, a sauke akushi. In ban zo ba takan ɗan taɓa tare da jikoki, amma Asiya ta ce ba kamar in ina nan ba. Abin nan mai zaƙi ya fita raina fit, har warinsa ba na so, amma na sha shi har ɗamarar kakina ta ƙara rami. Ajidan ya ce shi bai taɓa ganin ma'aikacin da ya bi kaya har gida yana tabbatar da babinsu ba. Aghali ya sake hawa arewa ya kawo wasu kwalayen, wannan karon takarda tana daidai. Tsohuwa ta ɗan yi kumari, ta fara zama da kanta, tana ba ni labarin shanunta da sunayensu, da wata ja mai karyayyen ƙaho wadda ta ce duk Tenhiya ba mai nononta. Ba ranar da ta ajiye ludayi ba ta ba ni haƙuri ba.

Da ruwan farko ya sauka, ta ce ba ta ƙara kwana a birni. Asiya ta yi magiya har ta gaji. Suka biyo ta wurinmu da safe, tana gaban mota an tokare ta da matasai, akushi a cinyarta. Na ɗaga musu sanda da kaina. Ta kama hannuna ta taga ta ce, "Ban sallame ki ba tukuna." Na yi dariya na ce to, Inna, Allah ya kiyaye hanya.

Damina ta yi kyau a shekarar. Wajen ƙarshenta, wata ranar da hantsi, sai ga Toyotar Aghali ta tsaya a bakin sanda, bayanta wayam ba kaya. Ya fito riƙe da gora an naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Tun kafin ya yi magana na ga rawanin yana sama.

Ya ce Anna ta rasu, an yi sadakar uku. Ta ga dawowar shanunta, ta ga jar nan ta haihu, ta sha kindirmonta mai kauri tare da jikoki, ya kuma wuce ba tari. A kwanakinta na ƙarshe ta kira shi ta ce akwai baƙuwar da ta yi ta ciyarwa da abin da ba nono ba, ba ta so ta tafi da wannan kunya. Ta ce ya tatsi jar da hannunsa, ya kawo mini, ya ce mini an sallame ni.

Na yi masa ta'aziyya. Ajidan ya fito ya yi tasa, ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya ce wannan kam ba ya son takardar kowa. Na ce ya ba ni babban kwanon nan na biro, ya kira sauran ma'aikata da direbobin da ke rumfa, don ba zan sha ni kaɗai ba.

Na zauna a kan benci, na warware tsumman, na cire marfin gorar kamar yadda na saba buɗe kayan kowa. Ƙamshin hayaƙi da na saniya ya bugi hancina, hawaye suka zubo mini a gaban ƴan kamiyo, ban kuma share ba. Nono ne.